Darasin Faɗuwa

A Tawa aka haife ni,
garin da in gwiwar namiji ta taɓa ƙasa an gama magana.
Kakana ya yi kokowa shekara goma sha ɗaya,
bayansa bai san ɗumin rairayi ba.
Haka ake faɗi a gidanmu kafin a sa hannu a tuwo.

Ni kuwa wata Talata bayan la'asar
na tuɓe takalmi a ƙofar tsohon shagon albasa,
wanda har yau warin bai bar bango ba.
Metir Tankari ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, "Faɗi."
Na ce, "Wa zai ka da ni?"
Ya ce, "Ba kowa. Faɗi da kanka."

Wata uku ban kama rigar kowa ba.
Haɓa a ƙirji, tafi ya mari katifa,
in mirgina kamar tulun da ya ƙi fashewa,
in tashi, in sake.
A gida na ce judo nake koyo.
Ban ce jikan Arzika ya biya jika guda
don a koya masa abin kunya ba.

Katifunmu shida ne, biyu da facin robar taya.
Kafin a fara kowa sai ya yi shara,
har Alhaji Bizo mai kantin siminti,
wanda a waje ake riƙe masa buta.
Muna ƙirga da bakin Japan: ici, ni, san, shi.
Yara su ƙyalƙyale, "Icce? Ni na san shi!"
Metir ya haɗe rai, gemunsa na rawa.

Na tambaye shi zancen sunkuyawar nan.
Ya ce, "Sujada ta Allah ce, yaro.
Wannan cewa ce: ga wuyana amana,
in mun gama ka maido mini."

Ran da aka ce in kama,
Zuwaira aka ba ni, 'yar lakwal, ba ta kai kafaɗata ba.
Na tura da ƙarfin buhu ɗari da na taɓa saukewa.
Ba ta tare ni ba, hanya ta ba ni.
Na ga kwanon rufi, na ga ƙafafuna a samansa,
sai tafina ya mari katifa tun ban aike shi ba.
Ba ta saki hannun rigata ba
sai da ta ga numfashina ya dawo.

In kuran ya ɗauke, mu jera salula a taga.
In wani ya rasa kuɗin wata,
gwangwanin madara ba ya faɗin sunan wanda ya cika.
Da Nomau ya tafi Abijan neman kuɗi
ya bar rigarsa a ƙusa.
Yanzu Agali ke cikinta, ya naɗe hannu sau uku,
muna kiransa Nomau Ƙarami, yana amsawa.

Ɗamarata ta tashi daga fara zuwa ruwan ɗorawa.
Ba kalangu, ba kirari,
shayi kawai, da ƙosai a takarda.

Bara da damina Kaka ya zame a bakin rijiya.
Shekara tamanin da huɗu, faɗuwarsa ta fari,
ya tarbe ta da gwiwar hannu, kamar abokin gaba.
Ƙashi ya ba da amsa.

Ni ke juya shi da dare.
Na san inda ake sa kafaɗa a ɗauki mutum,
na san yadda ake sauke shi.
Jiya ya ce, "Wai me kuke yi a shagon albasan nan?"
Na ce, "Faɗuwa, Kaka."

Ya daɗe yana kallon azara.
Ya ce, "Jawo tabarmar can.
Yi in gani."