Tebur Na Goma Sha Huɗu

A Dayton, hawa na biyu, saman shagon taya,
nan aka ba ni kujera da waya da jerin sunaye.
Kira ɗari kafin a tashi.
Mista Haldane ya ce: nemo inda ke musu ciwo,
ki danna,
sannan ki ce akwai magani a wurinmu.

Na iya. Allah ya sani na iya.
Romon bakina yakan ratsa kunnen da bai yi barci ba.

Marisela Quiroga ta ɗauka a kira na uku.
Ina jin injin wanki yana juyi a bayanta
da wani yaro yana tari.
Ta ce aikin asibiti take so, ko da na ɗibar jini ne.
Na ce wata goma sha takwas.
Ta ce ba ta da ko sisi.
Na yi dariyar da aka koya mana:
gwamnati ke biya, 'yar'uwa, ke dai sa hannu.
Ban ce bashi ba.
Kalmar tana shafi na tara,
kwance kamar tsakuwa a shinkafa,
tana jiran haƙori.

Sai Wendell Tackett, tsohon soja,
kunnensa na hagu ya mutu a fagen daga.
Irinsu muka fi so.
Ranar da ya sa hannu an kaɗa ƙararrawa a ofis,
aka ba ni katin cin abinci na dala hamsin.
Na ci nama. Ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Kuɗin ba ya ko gaisawa da tafinsu.
Daga baitulmali yake tashi
ya sauka a aljihun masu hannun jari.
Ɗalibi gada ne,
a taka a haye, a bar masa tsagewa.

Wata rana mace ta zo daga hukuma da jaka ruwan toka,
ta nemi adadin waɗanda suka sami aiki.
Muka ce tamanin cikin ɗari.
Yaron da ke soya dankali a bakin titi
mun rubuta shi ma'aikacin lafiya,
ai yana sa safar hannu.
Ta gyara tabarau, ta sha kofinmu, ta tafi.
Doka tana tafe, ba a ce ba ta tafe ba,
sai dai a ƙafa take zuwa,
mu kuwa da mota muke.

Litinin, cikin Janairu: sarƙa a ƙofa,
takarda manne da gilashi, ƙanƙara har idon sawu.
Marisela na tsaye da farar rigar da ta saya da guminta,
saura mata mako bakwai.
Darussan da ta tara, babu makarantar da za ta ƙirga su.
Kallon kitse na sa ta yi wa rogo.
Ta gane muryata kafin fuskata.
Ke ce Corliss?
Na ce ni ma albashina na wata biyu yana ciki.
Gaskiya ce.
Ba amsa ba ce.

Bayan nan aka yi zaman bincike, aka buga tebur,
ihu bayan hari.
An ce mai son yafiya ya cike takarda ya jira.
Wendell yana jira, shekara uku ke nan,
yana karkata kunnen dama duk sanda waya ta yi ƙara.
Haldane, na ji, ya buɗe wata a jihar maƙwabta:
sabon suna, tsofaffin kujeru.

Jiya da dare wayar gidana ta yi ƙara.
Wata murya mai laushi tana neman 'yata, Odessa,
wadda za ta gama sakandare a bana.
Na san shafin da take karantawa,
na san inda za ta ja numfashi,
na san dariyar da ke tafe.

Ban kashe ba.
Na ce: yarinya,
mutum nawa suka ce ki kawo kafin Juma'a?