Faifai Biyu a Tawa

A shagon Arzika mai gyaran rediyo,
bayan tashar motocin Ƙonni,
akwai garmaho da ya girmi ubana,
hannun wana shi ma da waya aka ɗaure.
Ran Lahadi, in kasuwa ta watse,
Tankari kan iso da jakar fata a hammata.

Faifai biyu ne, mai goge ɗaya,
waƙar ma ɗaya, damina ɗaya a tsakani.
Na Arzika mai tambarin barewa,
na Tankari mai hoton fitila.
Kamfani biyu da ba sa ga maciji:
masu su sun daɗe a ƙasa,
gabar ta samu magada a Tawa.

Arzika kan share nasa da gefen riga,
ya wana, ya sauke allura sannu
kamar mai sa wa jariri kwalli.
"Saurara, direba, ka ji sauti!
Izga na fita garau
kamar ruwan randa da ya kwana.
Naka fa, gyaɗar wa ake soyawa a ciki?"

Tankari ba ya fushi, ya saba.
Shekara talatin yana jan kamyo zuwa Agadas,
ya ce kunnensa ya san inji mai lafiya.
"Barewarka ta rame, Arzika.
Ina amon ƙwarya? Ina ƙirjin mutumin?
Sun wanke muryar har ta koɗe.
Nawa yana shessheka, na yarda,
amma ai mai rai ke shessheka."

Ni ina gefe ina fifita garwashin shayi.
An hana ni baki,
wai kunnena salula ta lalata.

Ran nan Inna Zaliya mai fura
ta biyo bashinta, fitila na juyawa.
Ta tsaya. Ta sauke ƙwarya.
"Maido allurar nan baya kaɗan."
Aka maido.
"Nan! Kun ji tafin da ya zo a makare,
shi kaɗai, bayan na kowa?
Ni ce. Ina ƴar shekara tara.
Bature ya harare ni,
yayata Mantai ta mintsine ni, ga wurin."
Ta nuna damtse. Ba komai a wurin.

Sau huɗu muka ji ta makara.

Sannan aka ɗora barewa, muka kasa kunne.
Goge garau, murya garau,
tafi a jere kamar haƙoran matsefi.
Yarinyar ba ta ciki.

Arzika ya jima yana duban allura,
ya murza ta tsakanin yatsu.
"Duk da haka," in ji shi, "nawa ya fi fita."
Inna ta ce, "Ya fi.
Dala arba'in ɗina fa?"

Tankari ya biya, bai ce uffan ba.
Shayina kuwa ya ƙone,
suka shanye, ba wanda ya lura.