Dajin Kwali a Leicester

Ranar Talata na sauka daga aikin dare,
na kai bas gareji, idona kamar an watsa barkono,
sai ga takarda a aljihun rigar Ramlatu,
ta jiƙe da lemo, ta manne da alewa:
"Makon daji ne a ajinmu. Iyaye, ku leƙo."

Na leƙa.
Yayyafi na bin wuyan kwat ɗina,
na tura ƙofa, sai na faɗa kurmi.
Ganyen takarda na reto daga silin,
macijin safa mai idon maɓalli
ya miƙe a kan hita yana shan ɗumi.
Giwa kuwa kwalin firiji ce,
hancinta tiyon injin shara.

Malama Gwen, gashi kamar gezar masara,
ta durƙusa cikin 'yan shekara uku da huɗu
ana ƙirgen birai.
Na biyar ya ɓata, an nema har ƙarƙashin tebur,
ashe Callum ne ya zauna a kansa.
Anjali na tsoma tafi a fenti ruwan goro
tana buga wa zaki geza a farantin takarda.
Tobiasz ya haɗa bututun kwali biyu,
ya leƙa ciki, ya hango ni,
ya kurma ihu wai ga raƙumin dawa.
Ban musa ba. Dogo ne ni, kuma a tsaye nake gyangyaɗi.

Sai Malama ta ce, da fara'arta,
"Baban Ramlatu daga Afirka ya zo,
shi zai nuna mana rurin zaki."

Ido ashirin da huɗu a kaina.
Ni ɗan Funtuwa, ɗan bayan kamfanin auduga,
zakin da na sani ɗaya ne tak,
na gidan zu a Kano, wata ƙaramar Sallah:
tsoho tukuf, ƙuda na wasa a hancinsa,
muka biya kuɗi, muka jira har la'asar,
ya yi hamma biyu, ya ba mu baya.

In shara ƙarya? Yaro ba ya mantuwa.
Na ce, "Zaki dai bai taɓa yi min magana ba,
amma ƙadangare mutumina ne."
Na tuɓe kwat, na dafa kafet da tafi biyu,
na ɗaga ƙirji, na gyaɗa kai
irin na jangwada a katangar gidanmu
in yana gaida hantsi.

Kafin in ɗago, aji ya zube.
Ƙadangaru goma sha biyu a ƙasa,
Malama ce ta sha uku.

Muka ƙirga gyaɗa kai da Hausa,
"ɗaya" ta maƙale a bakinsu, "biyu" ta wuce sumul.
Na koya musu bushiya: a dunƙule, a ɓoye hanci.
Na koya musu hawainiya:
ɗaga ƙafa, yi shawara, fasa, sake ɗagawa.
Wata yarinya ta zama bushiya ta ƙi warwarewa
har aka kawo madara.

Ramlatu fa,
wadda in na ce "zo" sai ta amsa da Turanci,
wadda uwarta ta gaji da bita,
ita na ji a bayan giwa
ta riƙe haɓar Callum tana gyara masa:
"Ba haka ba. Ƙa. Ƙadangare."
Ƙa ɗin ta fito daga can maƙogwaro,
tsaf irin ta Inna, da ba su taɓa haɗuwa ba.

Na juya ina duban macijin safa
kamar akwai abin dubawa.

A hanyar gida, a bas ɗin wani direban,
ta ce, "Baba, a Funtuwa akwai daji?"
Na ce, "Da akwai. Yanzu gidaje ne da gonaki."
Ta yi shiru tasha biyu,
sannan ta ce za ta yanka min wani da almakashi.

Barci ya ɗauke ta da fuskar zaki a goshi.
Shatin tafinta ruwan goro na nan a kafaɗar kwat ɗina,
yau kwana tara, ban kai wanki ba.