Rariyar Nélida

A Valparaíso, kan tudun da gidaje ke hawan kafaɗar juna,
akwai tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin teburin girkina,
dab da buhun albasa.
Mutum ɗari uku da sha biyu ke hira a cikinta:
'yan dakon tashar jiragen ruwa, malaman firamare,
wata mai gyaran agogo, da masunta.

Ba mu da maigida a wani dogon bene can ƙetare.
Unguwa ce cikin dubban unguwanni,
kowace da ƙyaurenta, kowace da mai riƙon mabuɗi,
sai siraran gadoji da muka ɗaura da hannu.
Tamu, ni ke share ta.

Dokokinmu bakwai, a shagon kofin Eduvigis muka rubuta su.
Awa uku muna musu kan ta huɗu:
shin zagin hukuma zagi ne?
Aka tashi ba a gama ba.
Har yau ba a gama ba.

Daren Laraba fari suka sauko.
Suna dubu, bakinsu ɗaya:
ga kuɗin da hannu ba ya taɓawa, ga maganin tsufa,
ga fuskokin da ba uwar da ta haife su.
In na toshe ɗaya, goma su tsiro.
Na datse gadar wata unguwa
da mai ita ya yi barci ya bar ƙofa a hangame,
hannuna na rawa,
don na san can ma akwai masu gaisuwa da safe.

Wajen ƙarfe uku, idona ya yi yaji,
na saƙa rariya mai ƙananan ido:
duk mai maimaita magana ɗaya, kullum, a lokaci ɗaya,
inji ne, a tace shi.
Na kwanta ina yaba wa kaina.

Unguwa ta yi tas.
Kwana huɗu ina shan iska kamar wadda ta biya bashi.

Ran Lahadi saƙo ya haye gada daga Punta Arenas:
"Nélida, babana fa?
Ba ya ɗaukar waya, ya ce ƙararta na korar kifi.
Layinsa na asuba kaɗai nake jira
kafin in ɗora ruwan shayi."

Na zazzage ƙaiƙayin da na tara.
Tsakanin masu tallan arziki, ga shi kwance sau huɗu,
biyar da minti goma, ba gaba ba baya:
"Teku ta kwanta. Na tashi."
Evaristo Huenchullán, shekara saba'in da takwas.
Haka yake rubutawa ko da teku na cin duwatsu.

Keken tudu ya lalace, na sauka da ƙafa,
matakala ɗari biyu, ina haɗa ban haƙuri ina warwarewa.
Na same shi a Caleta Portales yana ɗinkin koma,
tsuntsayen ruwa na jiran hanjin kifi.
Na faɗa masa duka.
Bai ɗago ba, sai ya zura yatsa uku a idon komarsa.
"Ka'idata ke nan," ya ce.
"Mai ƙananan ido har 'ya'yan kifi take kwashewa,
baɗi sai a kamo ruwa."
Ya ba ni kifi biyu a tsohuwar jarida,
ya karɓi kuɗin ɗaya.

Da dare na buɗa idon rariya.
Na roƙi mai gyaran agogo ta riƙe rabin mabuɗi,
ta ce sai in Talata ban da ita.
Na rubuta wa mai unguwar da na datse:
in ka farka, ka ƙwanƙwasa.

Yanzu fara na kutsowa, ɗaya, biyu,
ina tsince su da hannu kamar tsakuwa a wake.
Aikin ya ƙaru, kofi ya ƙaru.
Kwamfuta na huci kusa da albasa,
jirgin dakon kaya na kuka a bakin tasha.
Biyar da minti tara.
Ban taɓa komai ba.