Minti Tara

A wani lungu na Ikeja, saman shagon masu caja,
na miƙa wa Rotimi kaset huɗu cikin ledar burodi.
Ya hura, ya shinshina, ya ce fumfuna ta ci gefe.
Damshin Legas ba ya ƙyale komai,
har abin da aka ɓoye a ƙasan akwati.

Ya goge zaren da auduga
kamar mai gasa cibiyar jariri.
Janareta ya yi tari, allo ya yi yayyafi,
sai ga Agege ranar sunana:
rumfa, kujerun haya, rago bai san dawan garin ba,
Baba babu furfura ko ɗaya.

Can mai ɗauka ya manta bai kashe ba,
ya dire kyamara a ƙasa.
Minti tara babu fuska,
sai silifas, gindin tukunya, kaza tana wucewa.

Rotimi ya ɗora yatsa, ya ce nan zai yanke.
Na ce dakata.
Ƙaro sauti.

Bayan ƙarar ludayi wata tana dariya,
tana cewa, gishirin ya isa haka, Talatuwa, ya isa.
Ƙafa mai lalle ta zo, ta tsaya, ta juya.
Shekara ashirin da shida rabona da muryar nan.

Yanzu tana cikin filas, bai kai ɗan yatsa ba,
a aljihun gaban rigata, cikin danfo, a cunkoson Oshodi.
Kwandasta yana ihun babu canji,
ni kuwa na dafe ƙirji
kada wani ya bangaje min Inna.