Ƙaramin Famfo

Shekara tara ina gadin ruwa.
Ba na rijiya ba, ba na Gulbi ba,
ruwan iyo na otel ɗin Hajiya Habsu
a unguwar Ali Ɗan Sofo,
shuɗi kamar an jiƙa masa bula.

A ɗakin bayan katanga muke kwana, ni da shi,
tsohon famfo mai ƙarfin doki uku,
ƙato, da tsatsa a haƙarƙari.
In ya tashi kwanon rufi sai ya yi kyarma,
ƙadangaru su watse.
Basamude na sa masa suna.

Ran da takardar kuran ta zo, tsakiyar bazara,
Hajiya ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa.
Ta ce, Sanda, wa ke shan wutar nan?
Na ce, ba ni ba, ko rediyona da batir yake.
Muka tsaya gaban mita mu biyu,
lambobi na gudu kamar awakin da aka kora.

Sai ta aika a kira Mati na Bagalam,
yaron da ya san ciwon kowace waya.
Ya auna tsawo, ya auna faɗi da zurfi,
ya yi lissafi a bayan kwalin shayi,
ya ce, Hajiya, raƙumi kike ciyarwa
don ya ɗauki kayan jaki.
Bututun nan maƙogwaronsa ɗaya,
komai turi, abin da zai haɗiya zai haɗiya.
Sauran ƙarfin ƙara ce da zafi,
kuma ke ke biya.

Ran Laraba ya zo da sabon a bayan kabu-kabu.
Na yi dariya har na zauna kan bokiti.
Bai fi tukunyar miya ba!
Na ce, wannan zai juya ruwan
da ya fi tsakar gidanmu faɗi?
Mati ya ce, Baba, ba shi kwana biyu.

Daren farko ban runtsa ba.
Shiru ya yi yawa.
Na ji gyare, na ji tarin mai gadin maƙwabta,
na ji manyan motoci can kan hanyar Ɗan Isa,
duk abin da Basamude ya haɗiye mini
shekara tara.
Sau uku ina tashi
in ɗora tafi a bayan ƙaramin
in ji ko da rai.
Yana nan, yana gurnanin kyanwa.

Kwana na uku, da hantsi,
na jefa ƴar dala biyar a wajen zurfi,
na karanta lambarta daga sama.
Ashe ruwan da aka bi a hankali
ya fi barin dauɗarsa cikin yashin tata.
Mahaifina ya san haka,
shi da jigonsa a bakin Gulbi,
guga ɗaya, guga ɗaya,
har albasa ta ƙoshi.
Ni ne birni ya mantar.

Ƙarshen wata Hajiya ba ta nemi tabarau ba.
Ta ce ragin ya kai buhun hatsi biyu,
ta aiko mana da tsire, har da yaji a takarda.

Basamude na ɗakin ajiya, an lulluɓe shi da buhu.
Wani mai lambu daga Jiratawa ya zo ya taya,
na tsaya a ƙofa kamar ana cinikin yayana.

Jiya ina cin tuwo, malmala ta uku,
na ɗaga kai,
Hajiya na kallona ta saman tabarau.
Ni ma ƙato ne, ni ma ina minshari,
gwiwoyina sun fara tsatsa.

Yau malmala ɗaya na ci.
Na ɗauki dogon rariya na zaga bakin ruwa,
ba gaggawa, ba hayaniya,
ina tsince ganyen dogon yaro
ɗaya bayan ɗaya.