Naman da Babu Mai Saye

Babana mahauci ne a kasuwar Tawa.
Shekara talatin wuƙarsa na bin cikin rago
kamar mai bin hanyar gidansu da dare:
ga hanta, ga saifa, ga ƙoda cikin rigarta ta kitse,
ga matsarmama, a ɗauke ta da ladabi kar ta fashe.
Sai wani ɗan nama fatsi-fatsi
da ke lafe bayan tumbi, a lanƙwasar hanji.
Bai taɓa raɗa masa suna ba.
Yakan yanke shi, ya jefa wa kyanwar rumfa.

Irinsa ne yau ya kwantar da shi.
Sukari ya ci yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu,
ya soma lasar ganinsa.

Ni kuwa ina Yamai, ƙetaren gada,
a ɗaki mai warin magani da sanyin ƙarfe,
safar roba biyu a kowane hannu,
gabana alade.
Akosiwa ce ta kawo shi daga Gamkalle,
ta ƙirga kuɗinta sau biyu,
ta shafa masa kunne kafin ta juya.

Pankireyas, in ji Lokotoro Sumana.
Sunan ya yi wa naman yawa.

Muka ɗura jan danƙo a jijiyar da ke kawo jini,
shuɗi a wadda ke mayar da shi.
Muka bar ruwan magani ya cinye tsokar.
Abin da ya rage, ɗan kurmi ne a tafin hannu,
saiwar gawo da aka zare ba ta tsinke ba.
Kashi uku ne naman, sun haɗa kai,
sun zagaye babbar jijiyar da ta nufi hanta
kamar awarwaro a hannun yarinya.
Ruwansa daga mashigi biyu yake zuwa:
ɗaya ta sama, abokin tafiyar saifa,
ɗaya ta ƙasa, daga rabon hanji.
Na zana guda goma sha bakwai,
ban sami biyu da suka yi daidai ba.
Kowace dabba da yadda aka shata mata koramunta.

Daren dashe, mun ciro na wannan don wancan.
Yana kwance cikin ƙanƙara, agogo na cin ransa.
Zaren ɗinki ya fi gashin gira siranta.
A ɗinki na tara wuta ta ɗauke.
Zalika ta haska da wayarta, ba ta ce uffan ba,
har injin baya ya yi tari ya tashi.
Da aka saki matsin jijiya,
na ga fari yana komawa ja a hankali,
daga wannan gefe zuwa wancan,
yadda ruwan Isa ke hawa gonakin shinkafa.
Na manta abin da ke gabana. Na ce alhamdu lillahi.

Kwana biyar ya yi yana cin dusa.
Na shida muka sake buɗe shi.
Gudan jini ne, bai kai ƙwayar wake ba,
ya zauna a bakin ɗinkina kamar mai jiran kuɗin gada.

Da magariba na kira Tawa.
Ya ce, mi kake fiɗa can, ɗan mahauci?
Na daɗe ina ce masa dabbobi.
Ran nan na faɗi sunan.

Shiru. Ina jin awakin maƙwabta,
ina jin Inna tana kwankwasa ludayi.

Can ya ce, ka wanke hannunka dai.
Na ce, ina wankewa.
Ya ce, to, jijiya ba a janta,
binta ake da bayan wuƙa har ta saki da kanta.
Yanzu gaya mini,
ta ina jinin yake shiga?